RATSE ZUWA YAMMACIN ZAMFARA: ANKA, BAGEGA DA GUMMI

Duk wanda ya saba bin hanyar Gusau zuwa Sakkwato ya san Mayanci. In ka wuce Bunguɗu ka wuce Maru, kafin ka kai Talatar Mafara, akwai wata mararraba inda hanya ta ɓalle ta yi hannun hagu. Yawancin matafiya ba su ko ɗaga kai su dube ta, domin kuwa hankalinsu na can Sakkwato. To, wannan hanya ita ce ke kai mutum Anka, ta zarce Ɗaki Takwas, ta kai Gummi, kuma a gefenta ne ƙasar Bukkuyum take. Kudu da Anka, can cikin daji, nan Bagega take. A yau in ka ambaci waɗannan garuruwa a Kano ko Zariya sai a ce maka ai lungu ne. Ni kuwa ina ganin mai faɗin haka bai san tarihi ba. Wannan yanki da ake yi wa kallon bayan gari a da shi ne bakin hanya, kuma sarautar da ta ba jihar Zamfara sunanta a can take zaune har gobe.

Bari mu fara da Anka, tunda ita za ka fara tararwa.

Zamfara tsohuwar daula ce ta Hausa, tana cikin waɗanda masu labarin Bayajida suka jera a Banza Bakwai, ko da yake Zamfarawa ba su taɓa jin daɗin wannan suna ba, kuma suna da gaskiya. Labarun gargajiya sun ce sarakunansu na farko a Dutsi suka zauna, cikin ƙasar Zurmi ta yanzu, daga baya aka gina Birnin Zamfara a wajen Isa. Nan daular ta yi ƙarfi, har ta riƙa gwabzawa da Kabi. Sai ga Gobirawa sun gangaro daga arewa, Azbinawa sun matsa musu, suka nemi wurin zama. Sarkin Zamfara ya karɓe su hannu biyu, aka ba su gonaki. An ce filin da aka ba su na alƙalin Zamfara ne, shi ya sa garin da suka kafa ya zama Alƙalawa. Ka san halin baƙo in ya ji daɗin masauki. Wajen shekarar 1762 Sarkin Gobir Babari ya auka wa Birnin Zamfara ya rushe shi, Sarkin Zamfara Maroƙi ya tsere zuwa Kiyawa.

Daga nan sarautar Zamfara ta shiga yawo. Yau tana wannan gari, gobe tana wancan, kowane babban gari kuma ya ja nasa ya zama mai cin gashin kansa. Wannan shi ne dalilin da ya sa in ka dubi sarautun yankin za ka ga kowa da nasa laƙabi: Sarkin Zamfaran Anka, Sarkin Dankon Bukkuyum, Sarkin Mafaran Gummi, Sarkin Burmin Bakura. Kowane suna daga cikinsu guntun tsohuwar daula ne da ya faɗi wuri guda ya yi saiwa.

Cikin wannan hali na rarrabuwa Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya tarar da ƙasar. Ya yi kimanin shekara biyar yana wa'azi a Zamfara, kuma ƙanensa Abdullahi ya kawo labarin waɗannan tafiye-tafiye a littafinsa Tazyinul Waraƙati, har da zuwansu ƙasar Zauma. Zauma ɗin nan tana nan cikin ƙaramar hukumar Bukkuyum. Mutum nawa ne cikin masu karanta tarihin jihadi a makarantunmu suka san haka? Wajen shekarar 1788, lokacin da Sarkin Gobir Bawa Jangwarzo ya tara malamai a Magami ranar Babbar Salla, Shehu ya ƙi karɓar dukiya, ya nemi wasu buƙatu a madadinta, cikinsu har da sakin fursunoni. Cikin waɗanda aka saki akwai Abarshi, ɗan gidan sarautar Zamfara.

Saboda haka da aka fara jihadi a 1804 Zamfarawa da yawa sun goyi bayan Shehu, tunda ba su manta da abin da Gobir ta yi musu ba. Bayan an sha wuya a yaƙin Tsuntsuwa, jama'ar Shehu ta koma Sabon Gari cikin ƙasar Zamfara a 1805, kafin ta wuce Gwandu. To amma zumuncin bai daɗe ba. Runduna ce mai yawa, ga yunwa, ga rumbunan talakawa a fili. Da mayaƙa suka fara ɗibar hatsi ba da yardar masu shi ba, sai garuruwan Zamfara da dama suka juya baya, aka koma ana yaƙi da abokan jiya. Wannan babi ne da ba a cika son karanta shi da ƙarfi ba, alhali kuwa shugabannin jihadin da kansu sun rubuta kukansu kan halin wasu daga cikin mayaƙan. Alƙalawa ta faɗi a 1808, ƙasar Zamfara ta shiga ƙarƙashin Sakkwato, gidan sarautar kuma ya zo ya tabbata a Anka a farkon ƙarni na 19. Da Turawa suka ci Sakkwato a watan Maris na 1903, sai magajin wannan tsohuwar daula ya zama hakimi kawai a ƙarƙashin En'e ta Sakkwato. Haka aka zauna har ranar 1 ga Oktoba 1996, da gwamnatin Janar Sani Abacha ta yanke jihar Zamfara daga Sakkwato. Babban birni ya tafi Gusau, amma shugabancin majalisar sarakunan jiha ya zo Anka.

Wani abin mamaki shi ne, cikin waɗanda suka fara yin wannan ratse da gangan domin neman tarihi har da wani Bajamushe, Kurt Krieger. Ya zo Anka a shekarun 1950, ya zauna da dattawa da mutanen fada yana rubuta abin da suka gada daga kakanni, ya buga tarihin Zamfara da Jamusanci a Balin a 1959. Daga baya Dokta Garba Nadama, wanda ya yi gwamnan jihar Sakkwato daga 1981 zuwa 1983, ya rubuta kundin digirinsa na uku a Jami'ar Ahmadu Bello a 1977 kan tasowar daular Zamfara da rushewarta. Wato mutum ya taso daga Jamus ya zo Anka, mu kuwa da muke wucewa ta Mayanci sau goma a shekara ba mu taɓa cewa direba ya karya kwana ba. Abin da ɗan kunya.

Yanzu sai Gummi, wadda a ganina labarinta ya fi na kowa nuna yadda gari kan tashi daga bakin hanya ya koma lungu ba tare da ya motsa ko taƙi ɗaya ba.

Gummi tana bakin Gulbin Zamfara, ga fadama mai faɗi, ana noman shinkafa da rake da albasa da duma. A ƙarni na 19 kuwa abin da aka san ta da shi fatauci ne. Fataken goro da ke tashi daga Kano da Katsina zuwa Gwanja, wato ƙasar Salaga a arewacin Gana ta yanzu, da yawansu ta kwarin Gulbin Zamfara suke bi, su sauka Gummi, su wuce kasuwar Jega ko su gangara Yawuri, su haye Kwara, su ratsa ƙasar Bargu. Ayari ne na ɗaruruwan mutane, wani lokaci dubbai, da jakuna da alfadarai da takarkarai. Madugu ne shugaba, shi ke yin ciniki da sarakunan hanya kan abin da za a biya, jagaba yana gaba yana duba zango, uban dawaki yana kula da baya. Sukan ɗauki kanwa da riguna da baƙin rini da jan fata, su komo da goro a ƙunshe cikin ganye. Goro kuwa abu ne mai son lele, sai ana kwance shi ana yayyafa ruwa ana tsince wanda ƙwaro ya taɓa, in ba haka ba kafin a iso gida an yi asara. Tafiya da komowa takan ci wata shida, wani lokaci shekara guda.

Manyan ƙungiyoyin fataken goro na ƙasar Hausa uku ne: Agalawa, Tokarawa da Kambarin Barebari. Agalawa kowa ya san su saboda Alhasan Ɗantata. Kambarin Barebari fa? Su asalinsu suna danganta shi da Barno, amma garin da suka zauna suka yi suna, tun wajen ƙarshen ƙarni na 18, shi ne Gummi. Daga can ne wasunsu suka bazu zuwa Kano da sauran birane. Ke nan akwai gidaje a cikin birnin Kano waɗanda in aka bi salsalarsu sai an biya ta Gummi, ko jikokin sun sani ko ba su sani ba.

Me ya kashe wannan hanya? Abubuwa ne suka taru. Turawan Ingila sun ƙone Kumasi a 1874, ikon Asante kan kasuwannin arewa ya raunana. Yaƙin basasa ya wargaza Salaga a 1892. Sannan babbar magana, jirgi. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, sai fatake suka gane cewa ana iya loda goro a jirgin ruwa daga gaɓar Gana zuwa Ikko, a sa shi a jirgin ƙasa, cikin 'yan makonni ga shi a Kano. Wa zai ƙara bin jaki wata shida? Da aka ja reshen dogo daga Zariya ta Gusau zuwa Ƙauran Namoda a 1929, sai kanti da awon gyaɗa da auduga duk suka koma gabas. Hanyar mota ta Sakkwato ita ma ta bi ta Talatar Mafara. Gummi da Bukkuyum da Anka suka wayi gari duniya ta bi ta wani gefe.

Duk da haka Gummi ba ta daina fitar da mutane ba. A nan aka haifi Shaikh Abubakar Mahmud Gumi a farkon shekarun 1920, ɗan alƙalin garin, wanda ya zama Alƙalin Alƙalan Jihar Arewa a 1962, ya fassara Alƙur'ani zuwa Hausa, ya karɓi lambar Sarki Faisal a 1987, ya rasu a Landan a 1992. A 2013 kuma Mai Shari'a Lawal Hassan Gummi ya ajiye kujerar babban alƙalin Babbar Kotun Abuja ya koma gida ya zama sarki. In ka zauna a kasuwar garin za ka ji Hausar yamma tsantsa, irin ta "yaz zo" da "tat tahi", wadda Bakano kan yi wa dariya, ba tare da ya san cewa masana harshe na ganin ta riƙe tsofaffin siffofi da tasa Hausar ta zubar ba.

To, sai Bagega. Ita ba ta da tsohuwar fada irin ta Anka, ba ta da tarihin madugai irin na Gummi. Abin da ya fitar da sunanta duniya abu ne mai ɗaci.

Duwatsun da ke ƙarƙashin ƙasar Anka da Maru suna da zinare, kuma an daɗe da sani. A shekarun 1930 Turawa sun yi haƙa a wannan yanki, yaƙin duniya na biyu ya sa aka watsar da ramukan. Mutanen gari suka ci gaba da ɗan tone-tonensu da rani, in an gama aikin gona. Bayan 2008 farashin zinare ya yi tashin gwauron zabo a kasuwannin duniya, har ya haura dala 1,900 kowane oza a 2011. Manomin da ke wahalar shekara kan buhunan gero kaɗan ya ga zai iya samun fiye da haka cikin mako guda. Wa zai ga laifinsa? Aka riƙa kwaso duwatsu daga rami a buhu ana kawowa cikin gida. A farfasa su da guduma, a zuba a injin niƙa, irin dai wanda ake niƙa dawa da shi, ko mata su daka a turmi. A wanke garin, a sa zaiba ta kama zinaren, a ƙona. Abin da ba a sani ba shi ne, jijiyar dutsen da aka faɗa wa a wannan karo cike take da dalma. Ƙurar ta bi iska ta sauka a tsakar gida, a ɗaki, a kan tabarma, a cikin abinci da rijiya. Yaro mai rarrafe kuwa hannunsa daga ƙasa sai baki.

Agwagi ne suka fara mutuwa, ba wanda ya kawo komai a ransa. Daga nan sai yara. Amai, ciwon ciki, jijjiga, suma, sai rasuwa. Aka ce sanƙarau ne, aka ce zazzaɓin cizon sauro ne, aka ba da magani bai yi ba. A watan Maris na 2010 ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF, waɗanda ke zagayen sa ido kan sanƙarau, suka ga sababbin kaburburan yara sun yi yawa. Da aka auna jini sai aka ga gubar dalma ce, kuma a jikin yara da yawa ta wuce iyakar abin da na'urar awon ke iya ƙirgawa. Binciken da aka yi a ƙauyuka biyu, Dareta ta ƙasar Anka da 'Yargalma ta ƙasar Bukkuyum, ya nuna cewa cikin yara 463 'yan ƙasa da shekara biyar, 118 sun rasu a shekara guda. Ɗaya cikin huɗu ke nan. Jimillar waɗanda suka mutu a yankin ta haura 400, ban da waɗanda suka rayu da makanta ko shanyewar jiki ko taɓuwar ƙwaƙwalwa.

Maganin abin hawa biyu ne, kuma dole a bi su bi da bi. Da farko a kankare ƙasar saman kowane gida, a kwashe ta a binne a rami na musamman, a zubo sabuwa mai tsabta. Sa'an nan a ba yaro maganin da ke kama dalmar a jini ya fitar da ita ta fitsari. In aka ba shi magani ya koma gidan da ba a share ba, an yi aikin banza, har ma ana iya ƙara masa illa. Daga 2010 zuwa 2011 an share ƙauyuka bakwai, cikinsu har da Dareta, Abare, Sunke, Tungar Daji da 'Yargalma, da taimakon wani kamfanin Amurka mai suna TerraGraphics. Bagega ita ce mafi girma, a nan ne kuma ake da babban filin niƙa, sai kuɗi suka ƙare kafin a kai gare ta. Yara wajen 1,500 suka zauna suna jira, likitoci na kallo ba damar fara magani.

A 2012 gwamnatin tarayya ta yi alkawarin naira miliyan 850. Wata ya bi wata, shiru. Sai wasu matasa, Hamzat Lawal da abokan aikinsa na shirin Follow The Money, suka ɗauki maganar suka yi ta yayatawa a kafafen sadarwa da sunan a ceci Bagega, ƙungiyar Human Rights Watch da kwamitin muhalli na majalisar dattawa su ma suka sa baki. A ƙarshen Janairun 2013 Shugaba Goodluck Jonathan ya ba da umarnin sakin kuɗin. Aka share garin gida-gida a cikin wannan shekara, aka fara ba yara magani. Ni dai a nawa ra'ayi, duk ɗalibin aikin likita ko na mulki a Arewa ya kamata a koya masa labarin Bagega kamar yadda ake koya masa yaƙin Tabkin Kwatto, domin ya ga abin da jinkirin sa hannu a takarda guda ke jawowa. Da irin wannan annoba ta ɓulla a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja a 2015, darasin Zamfara ne aka ɗauko aka yi aiki da shi. An kuma koya wa masu haƙa su riƙa niƙa dutse da ruwa don kada ƙura ta tashi, su yi aikin nesa da gida, su yi wanka su sake tufafi kafin su ɗauki 'ya'yansu. A watan Fabrairun 2022 MSF ta miƙa shirin ga gwamnatin jiha, bayan ta auna yara sama da 8,000.

Mai karatu zai ce, to ka kwaɗaita mana wuri, yaya hanya? Gaskiya ɗaya ce, ba zan ce maka ka ɗauki jaka ka kama hanya gaba gaɗi ba. Dajin da ya haɗa Anka da Bukkuyum da Ɗansadau ya zama maɓoyar 'yan bindiga. A watan Afrilun 2019 gwamnatin tarayya ta hana haƙar ma'adinai a Zamfara baki ɗaya, ba a ɗage hanin ba sai Disambar 2024. A Satumbar 2021 an rufe layukan waya da kasuwannin mako. A farkon Janairun 2022 aka kai hari ƙauyukan Anka da Bukkuyum, gwamnatin jiha ta ce mutum 58 aka kashe, mutanen yankin suka ce sun kai 200. Akwai lokacin da 'yan gudun hijira suka cika filin da ake gina sabuwar fadar Sarkin Anka, suka kafa bukkoki a ciki. Gummi kuma ta sha ambaliya a daminar 2024, gulbin da ke ciyar da ita ya cinye gidaje masu yawa.

Wanda ke da dalilin zuwa, to ya yi yadda fataken da suke yi. Ya nemi ɗan gari ya zama jagabansa, ya tambayi direbobin tasha labarin hanya a safiyar ranar, kada ya yi tafiyar yamma, in ya isa kuma ya fara kai gaisuwa fada kafin ya shiga yawo da tambaye-tambaye. A Anka ya nemi dattawan da suka san jerin sarakuna tun daga Dutsi. A Gummi ya tambayi zuriyar madugai, ya sauka bakin gulbi da hantsi lokacin da masu kwalekwale ke fito da manoma zuwa fadama. In hali ya yi ya kai Bagega, ya roƙi a nuna masa inda aka binne tsohuwar ƙasar garin. Yaran da aka fara ba magani a 2013 yanzu samari ne da 'yan mata, wasunsu ma suna cikin masu sauka rami.